Sabarar damina da ta rani: wacce ta fi ƙarfi?

Malam Haruna mai attara (shagon ganyayyakin magani), Gadarif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu sanin itace da masu karatun magani. Ina sayar da ganyen sabara, wadda Larabawan nan Sudan ke ce wa gubesh. Ƙasarmu ta Gadarif laka ce, ba ta yin ta sosai, daga rairayin Kurdufan ake kawo mana. Buhu biyu ne a shagona yanzu, kuma hannun mutum ɗaya suka fito. Na farko an tsinke shi tsakiyar damina: ganye fala-fala, kore shar, in ka tafasa ruwan ba ya yin duhu, baurinsa kaɗan. Na biyu na rani ne, ganyen ƙanana, toka-toka, in ka tauna guda ɗaya sai harshenka ya ɗaure. Mata masu saye don masu jego sun ƙi na farkon, wai ba shi da rai. Wata ma cewa ta yi an riga an dafa shi an shanya kafin a kawo mini. Lokacin tsinka ne ke kawo wannan, ko an yi mini sakiyar da ba ruwa?

Usman, Jidda: Wa alaikumus salam. Malam Haruna, turo mini na daminar in sayar a nan. Mutanenmu na Jidda in sun ga kore shar sai su ce shi ne sabo.

Hajja Asabe, Mai Wurno: Kai Usman, Allah ya shirye ka. Malam Haruna ba a cuce ka ba, amma kai ma ka san ganyen tsakiyar damina ruwa ne ya yi masa yawa. Mu yadda muka tashi muka gani, ba a tsinkar ganyen magani sai ruwa ya ɗauke, da kaka, lokacin da ake yankan dawa. Kuma da hantsi, bayan raɓa ta bushe. A shimfiɗa a kan tabarma cikin rumfa, ana juyawa. Wanda ya wuce wannan lokaci sai ya jira baɗi.

Kawu Sale, Um Ruwaba: Hajja, a gafarce ni, a nan ban bi ki ba. Ni cikin sabara nake kwana nake tashi. Da kaka ganyen ya fara tsufa, ƙwari sun huhhuda shi. Sabara mai ƙarfi ita ce tohon da ke fitowa daga kututture bayan an yi sassabe, da bazara, kafin ruwan farko. Ku tambayi awaki. Tsohon ganye suna ɗan taɓawa in ba wani abu, amma wannan tohon in akuya ta ciza sai ta girgiza kai.

Hajja Asabe: To ai shi ke nan, akuya ta zama likita.

Kawu Sale: Ta fi wasu likitocin gaskiya dai.

Malam Haruna: Kun ga abin da nake gudu. Ɗaya ya ce kaka, ɗaya ya ce bazara. Ina Zainabu? 'Yata, ke da kika karanta haɗa magunguna, ki raba mana gardama.

Zainab, Wad Madani: Ga ni Baba, ina karantawa. Raba gardama kam ba zan iya ba, amma zan faɗi abin da aka tabbatar, sai ku ɗora a kan abin da kuka sani.

A cikin ganye akwai wasu sinadarai da ake kira filabonoyid. Dangi ne babba, an gano sun fi 6,000. Jan da ke cikin karkade, wato zoɓo, ma ɗan gidansu ne, antosayanin. A ganyen sabara an samu irinsu kwasetin da ramnetin da katecin, ga kuma tanin mai yawa, wanda shi ne ke ɗaure baki. Itace ba don mu take yin su ba, don kanta take yi. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ultirabayolet, mai lalata ƙwayoyin halitta. Mutum in rana ta dame shi sai ya koma inuwa, itace kuwa inda ta tsiro nan za ta tsaya. Saboda haka sai ta tara waɗannan sinadarai a fatar ganye ta sama, su zame mata malafa. Ganyen yana da abin da yake jin wannan haske da shi, in ya ji ya yi yawa sai ya ƙara sarrafa su daga wani sinadari mai suna fenilalanin. Ƙishirwa ma na sa shi ya ƙara, haka sanyi, haka cizon ƙwari, haka ƙarancin taki a ƙasa.

To ku duba damina a Kurdufan: hadari ya rufe sama, ruwa ya wadata, itace ta mai da hankali kan girma. Ganye ya yi faɗi, ya cika da ruwa, abin da ke ciki ya tsinke. Da rani kuwa sama tas, ƙasa ƙayau, girma ya tsaya, ganye ya ƙanƙance ya yi kauri. Ba abin mamaki ba ne in buhun rani ya fi na damina bauri. Har nau'in ma kan canza: an sha ganin cewa ganyen da rana da fari suka matsa wa yakan karkata ga yin kwasetin fiye da wani ɗan gidansu mai suna kamferol. Saboda haka Baba, ba sai an dafa buhunka kafin ya zama haka ba.

Usman, Jidda: Madalla! Ni na samu abin rubutawa a leda: "Sabarar rani, filabonoyid ninki biyu." Riyal biyar a kai.

Zainab: Yaya Usman don Allah kar ka sa bakina a ciki. Wa ya auna maka ninki biyu? Ni cewa na yi ana tsammanin haka, ban ce an auna sabarar Um Ruwaba wata-wata an gani ba. Kuma abin ba layi ɗaya yake bi ba. A Sipaniya akwai wata 'yar itaciyar daji, Cistus ladanifer, da aka bibiya, aka ga lokacin zafi ne take fitar da filabonoyid mafi yawa a bayan ganyenta. Wannan ya goyi bayan masu cewa rani. Amma akwai itatuwan da ƙaramin ganye sabon fitowa ne ya fi, yana girma abin yana raguwa, wannan kuma maganar Kawu Sale ce. Sannan zafi in ya wuce kima yakan hana itace sarrafa wasu daga cikinsu, musamman masu jan launi. Zafin Afrilu da Mayu na ƙasar nan, da yake haura digiri 40, ba wasa ba ne. Yana yiwuwa kaka da hunturu, da akwai rana amma dare na da sanyi, su ne suka fi, kun ga Inna Hajja ta ci ke nan.

Hajja Asabe: Allah ya yi miki albarka. Kawu Sale ka ji ko?

Kawu Sale: Na ji ta ce "yana yiwuwa". Ni ma ta ambace ni ai.

Ibrahim ɗalibi, Damazin: Anti Zainab, ni abin da ban gane ba, ya ake aunawa? Taunawa ake yi a ji bauri?

Zainab: Da haka ne da Kawu ya zama farfesa tuni. Ana busar da ganye a niƙa, a jiƙa a cikin etanol ko metanol, a tace. Sai a ɗiga wani gishiri, aluminiyam kulorayid. In akwai filabonoyid ruwan sai ya koma rawaya. A sa a na'urar auna launi, a kwatanta da kwasetin tsantsa da aka san nauyinsa. Sakamakon sai a rubuta miligiram kaza a kowane giram na busasshen ganye.

Wannan kalma "busasshe" a nan ake yawan yin tuntuɓe. In ka auna ɗanyen ganyen damina da ɗanyen na rani, dole na damina ya faɗi, don rabin abin da ka ɗora a sikeli ruwa ne ko fiye. Sai an busar da su daidai kafin a yi magana. Kuma ita kanta hanyar gishirin tana da son kai: wasu filabonoyid suna ba da launi sosai, wasu da ƙyar, wasu ba sa yi sam. In itace ta canza nau'in da take yi daga wani lokaci zuwa wani, lambar za ta hau ko ta sauka alhali jimillar ba lallai ta motsa ba. Mai son gaskiyar magana sai ya je ga na'urar da ke rarrabe su ɗaya bayan ɗaya, HPLC, ita kuwa ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba, balle yanzu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kowa ya san halin da jami'o'inmu da cibiyar binciken tsirran magani ta Khartum suka shiga.

Dakta Bashir, Kasala: Salam. Na biyo ku tun daga sama ina shiru, amma ina ganin an ɗauki wata hanya da ba a tambayi inda za ta ba. Kowa na neman wane ganye ya fi yawan sinadari, kamar an riga an gama cewa yawan shi ne alheri. Wa ya ce?

A 1936 wani masani ɗan Hangari, Albert Szent-Györgyi, wanda ya ci kyautar Nobel a 1937, ya zaci waɗannan sinadarai bitamin ne, har ya ba su suna bitamin P. Daga baya aka janye, don ba a samu wata cuta da rashinsu ke jawowa ba. Kuma abin da suke yi a kwalbar gwaji daban, abin da suke yi a jikin mutum daban. Kwasetin kaɗan ne ke tsallake hanji ya shiga jini, wanda ya shiga ma hanta ta canza masa kama. Ban ce ba su da amfani ba. Na ce lambar da na'ura ta bayar ba ita ce waraka ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar masu jego. Baurin nan da ake yabo tanin ne, tanin kuwa yana kama sinadarin ƙarfe na abinci ya hana jiki ɗauka. Mace ta haihu, ta zubar da jini, an ba ta ƙwayar ƙarin jini, sai ta kora da kofin sabarar rani mai kauri, safe da yamma. Ina ganinsu a asibiti, ka ja fatar idonta ƙasa ka ga fari fat, tafin hannu kamar ba jini, tana cewa ai tana shan maganinta kullum. In wanka za a yi da ita wannan daban. In sha ne, a raba ta da lokacin abinci da lokacin ƙwaya, a kuma rage kauri.

Hajja Asabe: Dakta, iyayenmu da kakanninmu da ita suka yi jego, tun daga ƙasar Hausa har suka iso bakin kogin nan. Ba mu ji ta kashe kowa ba.

Dakta Bashir: Inna ban ce a bari ba, kuma ban ce ta kashe ba. Amma ke da bakinki kika ce ba a tsinka sai lokaci kaza. Ashe su ma sun san ba kowane ganye ne ɗaya ba. Tambayata, in ganyen ya canza ƙarfi, awon da ake zubawa a tukunya yana canzawa?

Hajja Asabe: Yo wannan ai sai marar hankali. Na rani tafi ɗaya ya isa tukunya. Na damina sai ka yi biyu. Kuma ana ɗanɗanawa, in ya ɗaure maƙogwaro a ƙara ruwa. 'Yan yanzu ne ba sa ɗanɗanawa, sai su ce an ce cokali uku a Facebook.

Dakta Bashir: To mun haɗu a nan. Sai abu ɗaya, tunda na san ana ba yara ita in suna gudawa: yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari ne farko. In babu na leda, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. In ido ya faɗa ko ya ƙi shan nono, asibiti.

Malam Haruna: Wato ku nufinku buhuna na damina ba asara ba ne?

Zainab: Ba asara ba ne Baba, mai sauƙi ne kawai. A Japan ma da gangan ake rufe shayi da inuwa wajen mako uku kafin a tsinka, don katecin ya ragu bauri ya sauka, kuma shi ne mai tsada. Ya danganta da abin da mai saye ke nema. Kar dai ka gauraya su. Ka rubuta wa kowane buhu wata da wurin da aka tsinke shi.

Malam Haruna: Rubutu kam zan yi. Kuɗin ne ban san yadda zan yi da shi ba, don ni farashi ɗaya na saye su.

Malam Idris, Sinnar: Allah ya saka wa kowa da alheri. Ni ina so a taɓo sanamaki, filasko ke nan, tunda hadisi ya zo da yabonsa, yana cikin Ibnu Majah. Ina shan sa lokaci-lokaci. Wani in ka sha sai da safe ya yi aikinsa a hankali, wani kuwa kafin asuba ya murɗa maka ciki har ka yi nadamar sha. Shi ma wannan filabonoyid ɗin ne?

Zainab: Allah ya gafarta Malam, akwai su a ciki, amma ba su ke sa zawo ba. Wasu ne daban, senosayid. Su ma yawansu na bin shekarun ganye da lokacin tsinka da yadda aka shanya. Sannan kwanson 'ya'yan da ganyen ba ƙarfinsu ɗaya ba, ga wanda aka tsinko a daji da wanda aka noma, duk a buhu ɗaya ake haɗawa a kasuwa.

Dakta Bashir: Kuma Malam kar ya wuce mako ana sha a jere. Yana zubar da sinadarin fotasiyam, ga mai ciwon zuciya ko mai shan maganin sa fitsari abin ba daɗi. Mai ciki kuma kar ta taɓa sai da shawara.

Usman, Jidda: Ni hargal ne kasuwata, wani ganyen magani, shi 'yan Sudan na nan suka fi nema. Can arewa wajen Abu Hamad ake noma shi, inda ruwan sama sai dai labari, da ban ruwa ake yi. Ba damina ba rani. To me ya sa wani yake zuwa kore mai ƙanshi, wani ya zo ja-ja kamar taba?

Kawu Sale: Wannan ko ni zan ba ka amsa. Shanya ce. An baza a ƙasa a rana, ko an ɗura a buhu da sauran danshi ya yi gumi.

Zainab: Kawu ya faɗa. Kuma ko da ban ruwa ai akwai hunturu akwai bazara, tsawon yini da zafin rana na canzawa, ga yankan farko da na biyu. Amma ni ma shanya na fi zargi. Ganye in an tsinke shi bai mutu nan take ba, akwai abubuwan da ke ci gaba da aiki a ciki suna mai da waɗannan sinadarai ruwan ƙasa muddin akwai danshi da ɗumi. Ku duba karkaden Rahad da ya daɗe a faranti a bakin shago, yadda jansa ke kwashewa. Sau da yawa abin da mugunyar shanya da ajiya ke cinyewa zai iya shafe duk bambancin da muke ta musu a kai tun safe.

Ibrahim ɗalibi: To Anti me zai hana a auna ɗin a huta?

Zainab: Shi nake ta juyawa a raina. Ba ya buƙatar abu mai yawa a farko. A ware gindin sabara kamar goma a wuri ɗaya, a yi musu alama. Kowane wata, rana ɗaya, da hantsi, a tsinki ganye daga kowace, toho daban tsoho daban, ɓangaren da ke shan rana daban da na cikin duhuwa. A shanya a inuwa, a sa a ambulan takarda, ba leda ba, a rubuta kwanan wata, da ko an yi ruwa a makon. Shekara guda cur, in da hali biyu, don damina ba ta zuwa iri ɗaya. Busasshen ganye zai jira har a samu ɗakin gwaji. Yaya Usman, jami'o'in Jidda da Riyad suna da na'urorin, in ka san wani ɗalibinmu a can.

Usman, Jidda: Zan tambaya. Amma in sakamako ya fito ni ne farkon ji.

Kawu Sale: 'Yata, a takarda abin da sauƙi. Wa zai hana awakin mutane? Wa zai hana mai gona sassabe in bazara ta yi? Mata masu neman itacen girki fa? Sabara goma da kika yi wa alama, biyu kacal za ki tarar kafin azumi ya zo.

Zainab: Shi ya sa nake kallon gonarka Kawu.

Hajja Asabe: Ka ga ta kama ka. In ka ƙi, tsoron kar a gane na kaka ya fi ne.

Kawu Sale: Ni? Akwai wasu a gefen gonata ta gabas, kan tudu, zan kewaye su da ƙaya. Amma da sharaɗi. Biyar zan bari yadda suke, biyar zan sare su kamar kullum, don in ba a sare ba tohon da nake magana ba zai fito ba, sai ku ce na faɗi. Ambulan kuma ku aiko, a nan babu. Rubutun jikana zai yi, da Larabci yake rubutu, sai ki fassara. Maganar aikowa kuwa kar ki sa rai kowane wata, sai ranar da aka samu mota mai zuwa Kosti.